Yadda Darasin Mabiyya Ya Kore Ni Daga Gidana

Ko tsufa ya kwashe min sunayen ɗalibaina kaf, ba zai kwashe ranar da na koya wa surukata ilimin halittu ba. Na daɗe ina wannan darasi a wata sakandare a Daura, amma ban taɓa samun ɗalibar da ta kama shi da sauri irin nata ba.

Cikin matata na fari ne, wata bakwai. Ƙafafunta sun kumbura, jininta ya hau, likita ya ce kada ta yi nisa da asibiti har ta sauka. Sai ga mahaifiyarta daga wani ƙauye can bayan garin Babban Mutum, ta zo tafiya da ita goyon ciki, kamar yadda ake yi a haihuwar fari. Daga ƙauyen nan zuwa asibiti kuwa, sai babur da addu'a.

Mai hankali dattijo zai tura ya ba ta baki. Ni kuma na karanta littattafai. Na cire takalmi, na tsuguna nesa da tabarmarta, na sunkuyar da kai, na ɗauki tsinke na fara zane a ƙasa. Kunya ta hana ni ambaton ciki, sai nake cewa "lalurar nan".

"Inna," na ce, "kowane jiki yana da ƙwayoyin garkuwa, kamar jami'an bakin iyaka na Kongolam. Baƙo bai isa ya wuce su ba. To abin da ke cikin lalurar nan rabinsa baƙo ne, shi da mabiyyarsa. In an daidaita, jami'an nan su ne ma ke taya mabiyya buɗe hanyoyin jini, abinci ya wuce. In ba a daidaita ba, hanya ta ƙuntata, jinin uwa ya hau."

Ta jima tana kallon zanen. "Mabiyyar da muke wankewa mu binne a bayan ɗaki, ita ke da wannan rigima?"

"Ita ce, Inna."

"Rabin da ka ce baƙo ne, daga ina ya fito?"

Na ƙara sunkuyawa. "Daga wajen uba."

"Wato kai."

"A ilmance, haka ne."

"Allahu Akbar! Ni dai na san jinin gidanmu ba ya hawa haka kawai." Ta juya wajen ɗaki ta ɗaga murya: "Ke, kin dai ji da bakinsa ya faɗa!"

"Na ji, Inna," in ji matata daga ciki, da muryar mai danne dariya.

Nan take aka yanke hukunci. "Malam, na yarda, ba za ta bar Daura ba. Ni zan zauna da ita. Amma tunda jikinta na fama da rabinka, ba za a haɗa mata da cikakkenka ba."

Na buɗe baki zan yi bayanin cewa ƙwayoyin garkuwa ba sa leƙo tsakar gida su ga wa ke ciki. Sai matata ta yi wani tari mai ma'ana. Na gane cewa kalma ɗaya ta gyara za ta iya ɗora ta a hanyar ƙauye. Na rufe baki, na naɗe katifa, na koma ɗakin ajiyar kayan gwaji na makaranta, muka zauna ni da ƙwarangwal ɗin roba, wanda shi ma da alama wani bayani ya taɓa yi.

Kullum da safe nakan je gaisuwa, in tsaya a zaure. Inna ta leƙo ta ba ni rahoto: "Alhamdulillahi, tun da ka tafi jinin ke sauka." Maganin da likita ya rubuta, wanda ita da kanta take ba ta safe da yamma, ko sau ɗaya bai samu yabo ba.

Bayan sati shida jinin ya sake tashi. Da yake asibiti kusa ne, aka kai ta a kan lokaci, ta sauka lafiya, aka samu mace. Har yau a ƙauyensu ana ba da labarina a matsayin mijin da ya amsa laifinsa.

Abin da na koya bai cikin manhaja: idan mutum ya yarda ya yi abin da ya dace bisa gurguwar hujja, ka bar masa hujjarsa. Ba kowane kuskure ne yake jiran jan biro ba.