Wutar Ƙarƙashin Tukunyar Inna

Shekara ashirin da takwas Inna ta yi tana girki a ɗakin cin abinci na wani kamfanin saƙa, tana ciyar da ma'aikata ɗari uku kullum, kuma ba wanda ya taɓa jin ƙauri a abincinta. Yawancinsu ba su ma san sunanta ba. Rage-Wuta suke ce mata, don ita ce maganar da ta fi fita daga bakinta. Da safe za ta shigo kicin, ko jaka ba ta ajiye ba, ta hango wata ta sakar wa tukunya wuta kamar mai ƙona shara, sai ka ji muryarta har bakin get: "Rage wuta! Wa ya biyo ki?"

Masifaffiya ce, wannan kam ba sai an rufa mata asiri ba. Amma duk wanda zai faɗi masifarta ya haɗa da abin da ta gani. Mijinta direban babbar mota ne, ya rasu ya bar ta da yara uku a ɗaki ɗaya bayan shagon masu faci. Naman da hannunta ke kaiwa shi ne wanda kowa ya tsallake a teburin mahauci: ƙwauri, wuya, gindin ƙirji, masu jijiya kamar igiyar shanya. Wani tsohon kuku a kamfanin ne ya nuna mata yadda ake lallashin irin wannan nama har ya sauko.

Ranar Laraba take hutu, ranar take yi. Ta soya naman da ɗan mai har kowane gefe ya yi ja, ta kwashe. Ta zuba albasa mai yawa ta bar ta ta narke cikin abin da ya kama a gindin tukunyar, sai tafarnuwa, masoro, kanumfari biyu, ba uku ba. Ta mai da naman, ta zuba ruwa ya rufe shi da ƙyar. Daga nan sauran aikin na wuta ne, 'yar ƙanƙanuwa, yadda ruwan ba zai tafasa ba, sai dai ya riƙa motsi a hankali, kumfa ɗaya nan, ɗaya can. Awa shida. Ba a buɗewa, ba a juyawa, ba a tsaya masa a ka. In ya yi, ta tace romon, ta yayyaga naman da cokali, ta tsaga dogon burodi ta gasa cikinsa a kasko, ta cusa naman har ya leƙo. Kowane yaro da ɗan kofinsa na romo, ya tsoma burodin ya ciza, romo na bin gwiwar hannunsa. Yaran suna makaranta ake duk wannan wahala. Su dai su dawo su tarar, su cinye, su lashe kofi.

Da gwiwa ta fara ba ta matsala, mai gidan hayar kuma ya sayar da gidansa, sai Autanta ya ɗauko ta ya kawo ta wurinsa, a hawa na biyu na wani bene. Auta ɗan kwana-kwana ne, shekara goma sha biyu yana kashe gobara, kuma aikin ya bi shi har gida. Ga jar tukunyar kashe wuta rataye a bangon falo kamar hoton aure. Ashana tana can saman kabad inda sai an taka kujera. Ba ya wuce soket bai zare abin da ke jiki ba, ko da wayarka ce take caji. Matarsa malamar firamare ce, Malama kowa ke ce mata, mace mai sanyin hali da ba ta iya ce wa kowa a'a.

Wata uku suna ce wa Inna ta huta. Ta tashi za ta yanka albasa, a ce ta huta. Ta ɗauki tsintsiya, a ce ta huta. Mutum ya yi shekara ashirin da takwas a tsaye gaban murhu, a zaunar da shi gaban talabijin a ce gata ake yi masa! Ranar da abin ya ishe ta, ta lallaba ta sauka benen da gwiwar nan, ta je wurin mahaucin bakin titi, ta sa ya fito mata da ƙwaurin da ya tura ƙarƙashin tebur.

Ƙarfe tara na safe ta ɗora. Malama tana makaranta, Auta bai dawo daga aikin kwana ba. Ta daidaita wutar gas ɗin har ta zama ɗan shuɗin zobe, ta koma ɗakinta ta miƙe ƙafa. Wajen ƙarfe ɗaya ta ji gidan ba ƙamshi, ta leƙo. Tukunya ta yi sanyi ƙalau, kitse ya daskare a saman ruwan. Makunnin murhun a rufe yake. Ta girgiza tukunyar gas, ta ji ta da nauyinta. Ta tsaya riƙe da ƙugu tana kallon murhun kamar zai yi mata bayani.

Ta sake kunnawa, amma lokaci ya ƙure. Da yamma ta yi abin da ta shekara tana zagin mutane a kai: ta ƙara wuta. Naman ya fito da tauri, romon ya yi duhu-duhu. Malama ta yi ta tauna tana murmushi har muƙamuƙinta ya gaji. Auta kuwa ya kalli matarsa, matarsa ta kalli faranti.

Mako ya zagayo ta sake gwadawa, aka sake kwatawa. Tukunya da sanyi, makunni a rufe.

A nan ne tsoro ya shige ta. Inna tana da yaya mace, kuma da haka cutar mantuwarta ta fara: ta ɗora buta a murhu ba wuta, ta zauna tana jira ta tafasa. Ta ƙare tana tambayar 'ya'yan cikinta ko su wane ne. Inna ce ta yi jinyarta shekara uku, ita ta riƙa ɓoye wuƙaƙe da ashana, don haka ta san hanyar nan tun daga farkonta har inda take ƙarewa. Ta zauna bakin gado tana tambayar kanta: na kunna kuwa? Ta tuna ƙarar ashana, ta tuna shuɗin zoben. To amma yayarta ma rantsuwa take yi ta kunna.

Kwana biyu bayan haka tana banɗaki ta ji su a baranda suna magana ƙasa-ƙasa.

"Zan sa mai walda ya yi wa tukunyar gas ɗin keji da kwaɗo," in ji Auta. "Litinin ta sama kuma mu kai Inna asibiti a duba ta."

"Ba za ta yarda ba," in ji Malama.

"Ba sai ta yarda ba."

Inna ta riƙe bakin famfo har hannunta ya yi zafi. Kwaɗo! Ita za a kulle wa wuta, ita da ta koya wa mata sama da arba'in riƙe ludayi. Zuciya ta ciyo ta kamar ta fito ta wanke su tas, amma me za ta ce? In gaskiyarsu ce fa? Wannan ne ya fi ci mata rai, ga faɗa cike da bakinta, ba ta san wa za ta yi wa ba.

Ranar Laraba ta sake sauka wurin mahauci. Ta soya, ta haɗa, ta ɗora, ta kunna. Wannan karon ba ta koma ɗaki ba. Akwai ɗan sito a jikin kicin ɗin inda ake ajiye buhun shinkafa da bokitai. Ta ja kujera 'yar tsugune ta shige, ta bar ƙofar a ɗan buɗe yadda idonta ke kan wutar. Ba don ta kama kowa ta zauna ba. Kanta take so ta kama, ta ga ko za ta tashi da ƙafarta ta kashe ba ta sani ba.

Awa ɗaya da rabi tana zaune, gwiwa na zugi, ƙamshin albasa ya fara cika kicin ɗin. Sai ta ji mukulli a ƙofar falo. Auta ne ya dawo daga aiki, ido jajur, takalmi a hannu. Ya shigo kicin ya buɗe firji ya sha ruwa. Ya juya zai fita, sai ya tsaya. Ya sunkuya ya leƙa ƙarƙashin tukunyar, ya ja tsaki, ya girgiza kai irin na wanda abin duniya ya dama. Ya zaro waya ya ɗauki hoton wutar. Sannan ya miƙa hannu ya murɗe makunnin.

"Kai!"

Wayar ta kusa faɗawa cikin kwandon shara. Inna ta fito daga siton da garin shinkafa a zaninta, tana dafa bango.

"Ashe kai ne! Kai ne ɓarawon wutar!"

"Inna, me kike yi a cikin sito?"

"Ubanka nake yi, Allah Ya ji ƙansa! Wa ya aike ka? Wa ya ce ka taɓa min murhu?"

"Inna, wuta ce a kunne ba kowa a wurin. Sau uku ke nan ina tarar da ita haka. Na ɗauka mantawa kike yi."

"Ka ɗauka! Bakinka ciwo yake da ba za ka tambaya ba? Ɗakina nisan taku nawa ne daga nan?"

Auta ya yi tsuru-tsuru. "Malama ce ta ce kada a faɗa miki, za ki ji kunya."

"Kunya! Kun bar ni mako biyu ina kwana ina tashi da tunanin na bi hanyar Yaya, kuna can kuna tausaya min a baranda. Ka san abin da na ji? Ka san sau nawa na ƙirga sunayen jikokina in ga ko akwai wanda ya zube?"

"Wallahi ban san haka ba ne. Ni a wurin aiki, Inna, abin da nake gani ke nan kullum. Tsohuwa ta ɗora tukunya ta kwanta, sai dai mu je mu fito da ita a bargo."

"To ni ba a bargo za ka fito da ni ba. Shekara talatin kana cusa naman nan a bakinka, ka taɓa tambayar awa nawa yake yi? Ka ɗauka daga sama yake faɗowa da laushinsa? Awa shida yake yi, sakarai, a kan wutar nan da ka raina. Har da ɗaukar hoto! Wa za ka nuna wa? Likita? Ka ce ga shaidar uwata ta haukace?"

Abin da ya yi niyya ke nan kuwa. Ta sa shi ya taka kujera ya ɗauko ashanar, ya kunna da hannunsa, ta sa ya rage, ya ƙara ragewa, har sai da ta ce ya isa. Ya ce to zai zauna ya yi gadi. Ta ce in ta ƙara ganin inuwarsa a kicin ɗin kafin la'asar sai ta kwaɗa masa murfin tukunya. Ya tafi ɗaki, amma bai yi barci ba, tana jin sa yana juyi.

Ƙarfe huɗu ta buɗe tukunyar. Naman yana rabuwa da kansa tun kafin cokali ya taɓa shi, romon ya yi garau, ja-ja, da idon mai a sama. Ta tace, ta yayyaga, ta gasa burodi, duk tana yi tana faɗa ita kaɗai. Malama ta dawo daga makaranta ta tarar da rabonta na masifa yana jiran ta, ta karɓa kai a sunkuye. Inna ta jera musu faranti da kofunan romo, ta tsaya a kansu hannu a ƙugu.

"Ku ci. Ku ci abincin mahaukaciya."

Auta ya tsoma ya ciza. Ya ɗan tsaya, sannan ya ci gaba da tauna. "Kai, Inna, ya yi daɗi."

"Sosai," in ji Malama.

Sai da suka ci rabi sannan ta zauna, yadda masu girki suka saba. Ta ɗauki nata, ta tsoma har ya jiƙe, ta kai baki.

Lami. Babu gishiri ko ƙwaya ɗaya.

Ta ajiye burodin a hankali. Ta bi aikin ranar a ranta tun daga soya nama har tace romo, ta nemi inda hannunta ya je ga robar gishiri, ba ta samu ba. Wataƙila ɓacin rai ne ya ɗauke mata hankali. Wataƙila kuma ba shi ba ne. Ba ta da hanyar sani, kuma wannan karon ba wanda za ta kama a kicin.

Ta ɗago ta kalli ɗanta. Idonsa na cikin kofi.

"Tun cizon farko ka ji?"

"Na ji, Inna," in ji shi.

"Ke ma?"

Malama ta gyaɗa kai.

"Wutar da ban manta ba ka kashe, gishirin da na manta ka haɗiye kana ce min ya yi daɗi. Wane irin ɗa ne kai?" Ta ture farantin gefe. "Haka muka yi wa Yaya. Ta ba mu shayi da ruwan sanyi, mu shanye mu ce mun gode. Ni ba za ku yi min haka ba ina raye. In na yi daidai ku bar ni, in na yi kuskure ku faɗa min a fuskata."

Ta share bakinta da gefen mayafi.

"Litinin ɗin ƙarfe nawa ne?"

"Tara," in ji Auta.

"Zan je. Da ƙafata zan je, kuma ni zan yi wa likitan bayani da bakina, ba wayarka ba. Mai walda kuwa, in ya hawo benen nan, da shi da kai ku kuka da kanku."

Ta tattara kofunan ta juye romon cikin tukunya, ta mai da ita kan wuta. Ta ɗebi gishiri da yatsu uku ta barbaɗa, ta juya, ta ɗanɗana. Ta ƙara kaɗan, ta sake ɗanɗanawa. Ta daɗe tsaye da ludayin a hannu. Sannan ta juya ta miƙa wa surukarta, abin da ba ta taɓa yi wa kowa ba tun da ta fara girki.

"Zo nan, 'yar nan. Ɗanɗana ki gaya min gaskiya."