Wanda Ya Faɗi A Ɗaga Shi

Ku matso ku ji, ga ta nan gare ku, sai dai wannan da idona na gan ta.

Da na zo zama wajen ɗiyata a Rillieux-la-Pape, kusa da Lyon a ƙasar Faransa, na tarar jikana ya zama makaɗi. Su uku ne, shi da wani Bafaranshe mai waƙa da wani Balarabe mai jita, suna kiɗa cikin ɗakin ajiya na ƙarƙashin bene. Kiɗan nasu pank suke ce masa. Waƙa kafin ka ajiye ludayi ta ƙare, ihu ne kawai da sauri.

Ranar da ya fara kai ni kallo a Lyon, na ga samari suna karo da juna kamar raguna, jini a hanci, riguna a yage. Na ɗaga sanda zan raba.

"Kaka, rawa ce," in ji shi. "Duba da kyau. Wanda ya faɗi, ɗaga shi ake."

Na ce, "Maigida, in wannan rawa ce, to a garinmu an daɗe ana rawa kan iyakar gona."

Shekaru suka tura, kiɗan ya yi nauyi, waƙoƙin suka yi tsawo, gashinsu ma haka. Suka ce yanzu metal suke. Jikana ne ya kawo canjin, ya ƙara ganga ta biyu ta ƙafa. Sababbin masoya suka cika, tsoffin suka ce an yi musu cin amana.

Aka gayyace su Paris, wani zaure kusa da Barbès, bayan la'asar. Suka ba ni kujera a gefen dandamali. Ana tsakar wasa kwalba ta fasa goshin mawaƙin. Jikana ya bar ganguna ya diro ƙasa neman wanda ya jefa, ya faɗi. Na jira a ɗaga shi. Ba wanda ya sunkuya. Wani mai aski ƙwal ya ɗora takalminsa mai ƙarfe a hannun jikana na dama, ya murza, ya sake murzawa. Masu gadi suna kallo, sun zaci rawa ce.

Na shiga. Sandata ta sami ƙeyar mai takalmin, ta biyun ta sami bakinsa. Gwiwar hannun wani ta cire mini haƙori. Na kwanta bisa jikana ina salati har mai jita ma ya tsai da kiɗa.

Likita ya ce yatsun jikana biyu ba za su ƙara lanƙwasawa ba.

Mawaƙin yana nan da tabonsa, yana tuƙin bas a Lyon. Mai jita ya bi wata ƙungiya zuwa Jamus. Mai takalmin ban sake jin labarinsa ba. Jikana yana ɗaure sandar kiɗa a hannu da ƙyalle, yana kaɗawa a hankali, ya sami sababbin abokai masu son kiɗa mai jan ƙafa. Ni kuwa tuwo mai laushi nake ci yanzu. Nan ta tsaya, kan kusu ya ɗauki sauran.