Malam Fannami da Man Gyaɗar da Na Zuba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 12 ga Maris, 1957, bayan sallar La'asar, Allah Ya karɓi ran Malam Fannami bakanike a gidansa da ke Haɗejiya, bayan jinyar kwana tara.

Baba Fannami, ni ne Buba direba, wanda kake ce wa Sarkin Gaggawa. Akwai maganar da muka riƙe mu biyu shekara shida, yau zan faɗe ta.

Ina sabon kama aiki wurin Alhaji Abdulwahid mai sayen gyaɗa, makullin tsohuwar motarsa ya fara cijewa. Ni kuwa da wayona, na ɗebo man gyaɗa na ɗiɗɗiga a ramin, yadda muke yi wa ƙofa in tana ƙara. Kwana uku ya yi laushi. Ran da za mu kasuwar Birniwa, ya ƙi juyawa sam. Alhaji ya rantse a gaban jama'a, in har hannuna ne ya ɓata motar, ranar zan ajiye aiki. Ga matata da tsohon ciki, ni kuma ko gona ba ni da ita.

Aka kira ka. Ba ka taɓa sifana ba. Ka zare makullin, ka duba haƙoransa, ka murza shi da yatsu, sannan ka kai hanci. Wallahi a nan na san ka ji ƙanshin man gyaɗar. Sau ɗaya kawai ka dube ni.

Ka wanke ramin da kananzir, ka kankare bakin fensir ka busa ciki, ka yi ta sa makullin kana zarewa har ya juya. Alhaji ya tambayi laifin wane ne. Ka ce, "Alhaji, datti ne ya daskare a ciki, motar kuma ta manyanta." Ba ka yi ƙarya ba, ba ka kuma ƙara ko kalma ɗaya ba.

Sai da muka keɓe ka ja kunnena: "Buba, mota ba ƙosai ba ce." Tun daga nan, duk inda muka haɗu sai ka tambaye ni ko miya ta ji mai, ka yi ta dariya, mutane ba su san dalili ba. Har yau da wannan aikin nake ciyar da iyalina. Na yi rashin uba, Baba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga matarsa Inna 'Yar'azumi da 'ya'ya da dukan makanikan garin nan. Allah Ya ba mu haƙurin rashinsa. Ya Allah, bawanka Fannami ya ga aibina ya rufe. Ka rufe nasa, Ka haskaka kabarinsa, Ka sa Aljanna ce makomarsa. Amin.