Ranar da Mura Ta Toshe Hancin Gajere

Sunansa na yanka Nu'man, amma a unguwar Briqueterie ba wanda zai nuna maka shi sai ka ce Gajere mai tsire. Tun yana saurayi ya zo Yaoundé daga Garoua, ya fara da hura wa wani wuta, har Allah ya ba shi tukubarsa a bakin hanyar kasuwar Mokolo. Mutumin kirki ne, sai dai bai yarda da kowa ba. In ka gaishe shi da fara'a mai yawa, sai ya dafa aljihunsa. In ya je kasuwar Etoudi sayen dabba, yakan duba haƙoran akuya, sannan ya duba idon mai akuyar. Matarsa Jaratu ta ce ko ruwa ta miƙa masa sai ya shinshina, kuma tun tana amarya haka yake.

Wannan halin ne ya zame wa layinmu alheri. Muna da maƙwabci Kirista, Papa Atangana, tsohon direban tasi. Duk Kirsimeti yakan kafa rumfa a ƙofar gida ya gayyaci kowa, yadda mu ma muke aika masa naman layya. Da farko mutanenmu sukan zo, su sha lemo, su yaba abincin da ido, su tashi. Da abin ya dame shi, sai ya yi dabara. Ya roƙi Gajere ya riƙa yanka akuyar da hannunsa, ya kuma tsare tukunya har a sauke. Tun daga nan, da zarar Gajere ya sa hannu a tire sai kowa ya bi, don an san abin da ya tsallake hancinsa ba mai sauran magana a kai.

Bana da damina Papa Atangana ya rasu. Matarsa, Madam Ngono, ta ce sai ta yi taron kamar yadda aka saba. Danginta suka ce ta bar wahalar da kanta, Musulmin nan don mijinta suke zuwa, yanzu abincin zai kwana a tukunya ne kawai. Ta ji su, ta kama hanyar Etoudi ta sayo akuya.

Ranar taron Gajere ya tashi da mura, hanci ya toshe kamar an liƙe da siminti. Bai gaya wa kowa ba. Ya yanka akuya, ya kifa sabuwar tukunya ya ƙwanƙwasa gindinta, ya ɗauki kowane ƙullin kayan miya ya kai hanci yana gyaɗa kai, alhali ko tafarnuwa ba ya ji. Ya ja kujera ya zauna a bakin murhu. Da aka kira azahar ya tafi masallaci, ya yi salla, ana sallamewa ya riga kowa ɗaukar takalmi.

Yana shigowa tsakar gidan ya hangi Madam Ngono ta kifa kwalbar wuski a kan tukunyar naman, tana girgiza ta don ɗigon ƙarshe ya sauka.

Kowa a garin nan ya san a irin waɗannan kwalabe ake sayar da man gyaɗa. Gajere ma ya sani. Amma ya taɓa jin wai wasu sukan zuba giya a nama don ya yi laushi, kuma shi abin da ya ji sau ɗaya ba ya fita kansa. Ya ɗauki kwalbar ya ja numfashi. Shiru. Ya sake ja, sai atishawa.

"Madam, me ke cikin nan?"

"Mai ne, voisin," in ji ta, wato maƙwabci. "Man gyaɗa."

"Me ya sa sai da na fita kika zuba?"

"Don lokacin zubawa ya yi. In jira ka nama ya ƙone?"

"A ina kika saya?"

"Mokolo. Kana so in kawo maka matar da ta matse gyaɗar? Ka shinshina mana, ba aikinka ke nan ba?"

Gajere ya juya kwalbar, ya leƙa cikinta da ido ɗaya. Lasa ba zai yi ba, don in giya ce ya riga ya sha. Ba wa wani ya shinshina kuwa daidai yake da shelar zargi, kuma ya san mutanenmu: in maganar kwalba ta fita, ko daga baya an wanke Madam, ba mai taɓa naman nan.

Ta tsaya tana kallonsa, ludayi a hannu. Can ta rage murya.

"Hancin ya mutu ko?"

Ya duba hagu, ya duba dama. "Yana hutawa ne."

"To saurara, Gajere. Tun yarana suna ƙanana nake cin tsirenka. Na taɓa tambayarka ko naman jiya ne?"

"Nawa ba ya kwana!"

"Ka faɗa, na yarda. Ni ma na faɗa maka mai ne."

Ta juya ta ci gaba da motsa miya.

Bayan la'asar rumfa ta cika. Matan mawaƙan cocinsu sun zauna gefe guda cikin atamfa iri ɗaya, dattawan layinmu a ɗaya gefen, dangin Madam a baya sun harɗe hannu suna jira su ga abin da suka faɗa. Aka kawo naman akuya da ndole, wato miyar shuwaka da gyaɗa, aka ajiye babban tire a gaban Gajere. Hira ta tsaya. Har masu shan lemo suka sauke kwalabensu.

Gajere ya daɗe yana wanke hannu. Ya gyara hula. Ya sunkuya kan tiren ya yi kamar yana shinshinawa, ya ɗago ya kalli Madam Ngono da ke tsaye bakin ƙofa tana murza gefen zanenta. Wani dattijo, Mohaman Bello, ya matso ya raɗa masa, "Lafiya dai ko? In da matsala ka ƙifta mana ido."

"Wa ya ce da matsala? Ko kai ka san wani abu ne?"

"A'a, ni ban san komai ba."

"To matsa."

Ya yi bisimilla da ƙarfi, ya ɗauki tsoka ya kai baki. Kafin ya haɗiye, hannuwa sun cika tiren. Madam Ngono ta koma ciki, ta ɗan jima, ta fito idonta jajur, ta ce hayaƙi ne. Ta ɗebo ƙarin nama ta miƙa wa ƙaninta, wanda ya fi kowa cewa ba za a zo ba.

"Kai wa baƙi," in ji ta. "Ka yi sauri, tiren can ya kusa ƙarewa."