Tsakin Kawu a Kan Bututun Jijiya

Jiya wani ya ja tsaki a tashar Madawa, sai na tuna kawuna. Nasa tsakin dogo ne, mai ƙamshin goro.

Da na dawo Keita daga karatu, na yi masa bayanin aikina: muna shafa magani a ɗan bututun roba da ake sakawa cikin jijiya, don kada jini ya daskare a kansa kafin ya narke.

Ya ja tsakin nan. "Uwarka bisa amalanke jini ya ƙare mata, ba ta kai likita ba. Abin ga naka, wa za a sa ma shi a garin ga?"

Har ya rasu ban samo amsa ba. Allah ya haskaka kabarinsa, ya ba ni abin da zan faɗa masa ranar haɗuwa.