Dalmar da Na Sa a Agogon Wana

A nan Matamaye, idan ka miƙa wa mutum agogo, ba fuskarsa yake fara dubawa ba. A tafin hannu yake ɗora shi, ya ɗan jijjiga, ya ji nauyinsa. In ya yi nauyi, shi ke nan, na gaske ne. Na daɗe ina gyaran agogo a kan ɗan teburi a bakin kasuwa, na san wannan hali namu sarai, kuma da shi na cuci jinina.

Wana ne ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu. Shi ya sa ni lakwal, makarantar boko, na yi aji shida na gudu, shi kuma ya saya mini teburin da kayan aikina na farko. Manomi ne a wani ƙauye wajen Dawce, bai taɓa ɗaura agogo ba. Na so in ba shi abin da zai nuna a cikin mutane, amma hannuna bai kai ba.

Akwai wani mataccen agogo mai tsada da wani alhaji ɗan kasuwar Damagaram ya bar mini bayan injinsa ya ci ruwa. Na cire fuskarsa mai tambari, na ɗora ta a kan agogon araha irin wanda ake tallarsa a faranti. Na zare hannun sakan, domin na mai araha tsalle yake yi, na mai tsada kuwa sulalewa yake. Na sa masa sarƙa mai ruwan zinariya. Duk da haka da na ɗauka, sai na ji shi sakayau kamar murfin kwalba. Sai na narka dalma, na daddale ta ta yi faɗi, na manna a cikin murfin baya. Ranar har daɗi na ji, ina yaba wa hannuna.

Da Babbar Salla na kai masa. Ya ɗora a tafi, ya jijjiga.

"Kai, ƙane! Wannan ai sai ya karya mini hannu. A ina ka samo?"

"Daga Makka wani alhaji ya zo da shi, Yaya."

"To ni da ban iya karanta shi ba?" Ya yi dariya. "Bari, ko ladan sai ya riƙa tambayata lokaci."

Ranar Juma'a kawai yake ɗaura shi, sauran kwanaki yana naɗe cikin ƙyalle a akwati. In ya shigo kasuwa da shi sai in karɓa da sunan zan goge, in juya baya in sake masa pil, wato batir.

Shekara huɗu bayan haka ya rasu, ya bar ɗa da ɗiya. Muka zauna rabon gado a zaure. Malamin ƙauyen ya raba gida da gona, aka zo kan abu biyu: karsana da agogon. Ɗaya daga ciki za a ba ɗiyar don rabonta ya cika. Malam ya ɗora agogon a tafinsa, ya jijjiga, ya dube ni.

"Kai ne mai sana'ar. Tsakaninka da Allah, wannan ya kai karsanar?"

Zauren cike yake da mutanen da wana ya nuna wa agogon yana yabona. Kalma ɗaya ce ta rage in faɗa, amma kunyarsu ta fi mini tsoron Allah a wannan zama. Na ce, "Ya ma fi ta, Malam."

Ɗiyar ta ce, "Tunda Baffa ya faɗa, a ba ni agogon Baba." Wanta ya ja karsana.

A Yauri ta nan yankinmu ɗiyar take aure. Shekara uku ban ce komai ba, ina ganin karsanar ta zama saniya, har ta haihu a gidan wanta. Sai ɗiyarta, jikar wana, ta kwanta ciwo, aka ce sai an yi mata aiki a asibitin Damagaram. Uwar ta ɗauki agogon ta kai wa wani mai sayen irin waɗannan kaya. Ya buɗe murfin a gabanta, dalmar ta faɗo kan tebur, mutanen kantin suka yi dariya. Tumakinta da gadonta na aure ta sayar aka yi aikin.

Ranar kasuwa ta zo teburina da hantsi. Ta gaishe ni yadda ta saba, ta kwance bakin mayafinta, ta ajiye agogon gefe ɗaya, dalmar gefe ɗaya.

"Baffa, ga aikinka. An ce a gaishe da mai hannun."

Na kasa ɗaga kai.

Na je na faɗa wa malamin gaskiya a gaban waɗanda suka shaida rabon. Na sayar da babur ɗina, na sayi karsana, na kora ta da ƙafa har Yauri. Ta karɓi igiyar, ta ɗaure ta a turke, ta ba ni ruwa.

Na ce, "Ki yafe mini."

Ta ce, "Na karsana na yafe, Baffa. Amma Baba har ya koma ga Allah yana nuna wa mutane abin nan yana cewa ƙanensa ne ya ba shi. Wannan ba ni zan yafe ba."

Har yau tana gaishe ni in ta shigo kasuwa, sai dai a tsaye, ba ta ƙara zama a bencina ba. Agogon ya tsaya, ban sake masa pil ba. Dalmar tana cikin aljihun teburina, kullum na ja shi don ɗaukar wani abu sai na ji ta gangaro.