Kawu Kyari Mai Jan Layi

Duk wanda ya taɓa buga ƙwallo a filin makarantar jeka-ka-dawo da ke unguwar Dogo Nini a Potiskum ya taka layin Kawu Kyari, ko da bai san sunansa ba. Ƙanen mahaifiyarmu ne. A Danchuwa aka haife shi, can ya yi noma, can ya buga ƙwallo ba takalmi har ranar da wani ƙato ya shigar masa gwiwa, ya tashi da ɗingishin da yake yi har yau. Da gona ta daina ciyar da gida sai ya shigo gari, ya samu aikin gadi a makarantar. Aikinsa a bakin ƙofa yake, amma hankalinsa kullum yana fili. Babu wanda ya sa shi jan layi. Rigimar yara ce ta ishe shi, wannan ya ce ƙwallo ta fita, wancan ya rantse ba ta fita ba. Ya nemo igiya da turaku da gwangwanin madara ya huda masa gindi, daga nan aiki ya zama nasa.

Kawu yana ji da layinsa. In ya ɗaure igiya ya tsuguna ya kanne ido ɗaya, ko shugaban makaranta ne ke kiransa sai ya jira. Da farar ƙasa yake ja, ya kwaɓa ta da ruwa ta kama ƙasa gam, iska ta yi ta kaɗawa ba ta gusar da ita ba. Kocin maza, Abubakar Sadiq, shi ke samo buhun daga masu hali na unguwa, a ajiye a sito, makulli a aljihun Kawu.

'Yan mata daga baya suka shigo. Malama Nguavese, 'yar Binuwai da ke koyar da motsa jiki, ita ta tara su, da dogayen wanduna da ƙananan hijabai, suna atisaye rana na tsakiyar ka domin yamma ta maza ce. Da fari dariya ake musu. Kafin a ankara sun yi yawa, har 'yan matan Nangere da na Fika suna zuwa a kara. Fanne, autar Kawu, tana cikinsu. Bai hana ta ba, ana yaba masa da wannan a dangi, shi ma yana yaba wa kansa. Sai dai bai taɓa tsayawa kallonsu ba. Layin nasu da toka ake ja, wadda suke kwasowa daga murhun iyayensu a leda. Ya ja musu tsaf kamar na kowa, ya kakkaɓe hannu, ya koma ƙofa wurin rediyonsa.

A farkon daminar da Fanne ke ajin ƙarshe aka aiko cewa wata mata za ta zo daga Damaturu, Madam Olivia, ta kalli wasansu da 'yan Fika, ta zaɓi waɗanda za su buga wa jiha a gasar 'yan ƙasa da shekara sha bakwai. Fanne tana bakin shekarun. In ba a ɗauke ta bana ba, baɗi ta wuce. Mahaifiyarta, Inna Munawwara, ta bi maƙwabta gida gida tana tara toka, har ana tsokanarta ko sabulu za ta fara haɗawa.

Ranar wasan aka tashi da zafi mai maƙo, gabas ta fara duhu tun hantsi. Kawu yana kafa turaku Malama Nguavese ta iso, tana duban sama.

"Baba Kyari, ina kwana. Ka ga hadarin nan? Iska zai zo, toka ba zai zauna ba. Ka taimake ni da farar ƙasa, yau kaɗai."

Buhu guda ne a sito, ko farke shi ba a yi ba. Washegari maza ke buga wasan ƙarshe na kofin unguwanni, za a kafa rumfa, manyan baƙi za su zo. Koci Sadiq ya ja masa kunne kada ko cokali ya fita. Kawu zai iya faɗa mata haka, ta je su daidaita da kocin. Amma ya hango surutu, ya hango Sadiq yana kumfar baki, kuma can ƙasan ransa yana ganin ai na mata wasa ne kawai, toka ta ishe su.

"Ta ƙare, Malama," ya ce, idonsa a kan igiya. "Sai an kawo."

Ta dube shi, ta ce to, Allah ya kyauta, ta tafi.

Bayan azahar aka take wasa. Daga bakin ƙofa yana jin ihun ɗalibai, bai waiga ba. Ba a yi nisa ba iskar ta taso, irin wadda ke rigan ruwa, ta yi sama da ledoji da hular mai sayar da rake. Da ya miƙe ya duba, filin duk ya turnuƙe. 'Yan mata sun durƙusa suna murza ido. Da ta lafa babu layi ko ɗaya, ba na gefe, ba na tsakiya, ba na gaban raga. Ruwan ma bai sauka ba, hadarin ya zarce yamma.

Alƙalin wasan da aka zo da shi daga Damaturu ya busa usur ya ce ba ya hura wasa a filin da ba iyaka. Yaran suka bazu suna jan layi da dunduniya da tsinke, ya girgiza kai. Madam Olivia ta ce za ta ɗan jira in akwai abin da za a yi, amma ana sauraronta a wani garin kafin magariba.

Malama Nguavese ta taho ƙofa da gudu-gudu, Fanne na bayanta, fuska duk toka.

"Baba Kyari, ko kaɗan babu? Ko na gaban raga kawai?"

Siton yana bayansa, makullin yana taɓa cinyarsa. Da zai buɗe yanzu, kafin baƙin su gama shan ruwa ya ja rabin fili. Amma buɗewar na nufin ya tsaya gaban ɗalibai da malamai da baƙi, ga furfurarsa, a san ƙarya ya yi da safe. Ya dubi Fanne. Ita ce ke kawo masa abincin rana, kuma a kan buhun nan take zama tana jiran kwano.

"Na ce miki ta ƙare," ya ce.

Fanne ta kau da kai. Ta goge ido da gefen hijabi ta koma wurin 'yan uwanta. Shi ya buɗe wa motar baƙin ƙofa da hannunsa, har direban ya ɗaga masa hannu.

A gida Inna Munawwara ce ta yi ta faɗa, da iska, da alƙali, da mutanen Damaturu masu gaggawa kamar ana korarsu. "Ni na zubar da girmana ina roƙon toka a unguwa, a ce minti nawa ma aka buga? Malam, kai ba ka ce komai ba."

"Haka Allah ya ƙaddara," ya ce. Ya saurara ko Fanne za ta tanka daga ɗaki. Shiru.

Washegari ya farke buhu ya ja wa maza layi. Aikin ya fito fes, fari tas a kan jar ƙasa. Koci Sadiq ya zo yana tafi.

"Injiniya Kyari! Ko a Turai sai haka. Na ji jiya iska ta cinye 'yan matanka uku da nema."

Yaran kocin suka kwashe da dariya. Ana cikin haka Fanne ta iso da kwanon abinci. Ta tsaya a bakin fili ta bi layin da kallo tun daga wannan kusurwa har waccan.

"Ya yi kyau, Baba," ta ce, ta ajiye kwano ta juya.

Da ta yi kuka, ko ta kai ƙararsa wurin uwarta, da ya san inda zai kama. Gaisuwa ba ta fasa ba, ruwan alwalarsa ba ta fasa ba. Ƙwallon ce ta daina zance, takalmanta na ƙarƙashin gado suna tara ƙura. Kawu ya rage ci. In ya zauna a ƙofa sai ya tsinci kansa yana lissafin abin da zai rasa da ya buɗe siton, ya juya ya juya bai ga komai ba sai faɗan Sadiq na yini guda.

Da abin ya ishe shi ya je gidan Malama Nguavese a Dogo Tebo. Ta ba shi kujera, ba ta ba shi fuska ba. Ya tambaye ta inda ake samun matar nan a Damaturu.

"An riga an gama zaɓe, Baba Kyari."

"Na sani. Ki dai faɗa mini."

Ranar Asabar ya sa babbar rigarsa ta Juma'a ya ce Fanne ta ɗauko takalmanta. Ba ta tambayi ina za su ba sai da ta ga sun nufi tasha.

Sun samu Madam Olivia a filin atisaye da yaranta. Kawu ya cire takalmi ya rusuna kamar mai gaida hakimi, ya ce shi ne mai gadin makarantar nan ta Potiskum, wannan 'yarsa ce, laifin ranar ba na yaran ba ne. Matar ta saurare shi da mutunci. Ta ce sunaye sun riga sun tafi, ba ta da ikon ƙara kowa. Amma tunda sun sha hanya, yarinyar ta sa takalmi ta shiga ta motsa jini.

"Wace lamba take bugawa, Baba?"

Kawu ya buɗe baki. Ya san lambar kowane yaro a ƙungiyar Sadiq, har waɗanda ke zaman benci, ya san wanda ke tsoron bugun kai da wanda ƙafar hagunsa ta ado ce.

"Tana da gudu," ya ce.

Madam Olivia ta dube shi, ta juya ta tambayi Fanne da kanta.

Ya tsaya jikin waya yana kallo. Yarinyar da ke miƙa masa buta a ladabce ita ce ke daka wa manyanta tsawa su matso su rufe gefe. Ba ta bin ƙwallo a guje, jira take, ta karanci ƙafar mai zuwa, ta zare ƙwallon kamar ta cire ƙaya. Wata doguwa ta taho da ƙarfi, Fanne ta tare ta kafaɗa da kafaɗa, doguwar ta zauna a ƙasa tana dariya. Bai san lokacin da ya ce "Yauwa!" da ƙarfi ba, har masu kallo suka waigo.

Da aka tashi Madam Olivia ta dafa kafaɗar Fanne, ta yi magana da Kawu.

"Baba, da na ga wannan a ranar nan, da da ita na tafi. Shekarunta fa?"

Ya faɗa mata. Ta ja numfashi ta ce kash.

A motar dawowa suna kujerar baya, an matse su da buhunan wani ɗan kasuwa. Sun wuce Damagum, Kawu yana ta shirya kalmomi, duk wadda ya ɗauko sai ya ji ta yi ƙanƙanta.

"Fanne."

"Na'am, Baba."

"Wannan doguwar da kika zaunar, ba ki ji ciwo ba?"

"A'a." Ta gyara ledar takalman a cinyarta, idonta a kan gonakin da aka fara shuka. "Lamba uku nake bugawa, Baba. Baya, ta hagu."

"Lamba uku," ya maimaita a hankali.

"Nake bugawa da," ta ce.